Wasan dandamali ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi mini haƙuri. Wanda yake tsakiyar jarrabawa ya ajiye shi sai ya gama.

Lokacin shirye-shiryen ranar al'adu ya zo, kuma kusan kowace ƙungiyar ɗalibanmu tana fama da tambaya ɗaya: wane wasan kwaikwayo za mu yi bana? Amsar da aka fi bayarwa guda biyu ce. Wasu su ce a maimaita na bara tunda ya ba da dariya. Wasu su ce a ɗauko wani gajeren barkwanci da ake yayi a TikTok, a haddace, a hau dandamali. Ni dai ina ganin duka biyun za su iya ba mu kunya, kuma daga tarihi na samo dalilina. Karatun digiri na biyu a nan Ibadan ya sa na ɗan zauna da littattafan tarihin wasan kwaikwayo, namu da na Yarbawa, kuma abin da na fi cin karo da shi shi ne wasan da ake yi a gaban jama'a ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu. Ko da mutanen ne, ko da labarin ne, na daren Juma'a daban, na daren Asabar daban. Magabata sun san haka, a kansa ma suka gina sana'arsu.

Mu fara da gida. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tashe, wanda ake farawa idan azumi ya kwana goma. Yara su sa gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su bi gida gida. Waƙar kowane wasa sananniya ce, amshinta sananne ne, amma ku tuna yadda abin yake a zahiri. Idan aka shiga gidan mai kyauta sai a ja wasan, tsohon ya ƙara faɗuwa, a ƙara tayar da shi. Idan aka shiga gidan marowaci sai a gajarta, wani lokacin a jefa masa habaici a kan hanyar fita. Idan maigidan yana da wata ɗabi'a da unguwa ta sani, yaro mai wayo zai san yadda zai saka ta a cikin wasan ba tare da ya kama suna ba. A dare ɗaya yara za su yi wasa ɗaya a gida goma sha biyar, kuma babu biyu da suka zama daidai. Ƙashin wasan yana nan yadda aka gada, naman ne ake sake wa kowane gida.

Haka 'yan kama suke. Ɗan kama yakan ɗauki salon wa'azin malami ko waƙar wani fitaccen mawaƙi ya juye ta gaba ɗaya ta koma zancen tuwo da miya da fura. Abin dariyar yana cikin sanin asalin: sai mai sauraro ya san waƙar da ake kwaikwayo kafin juyin ya kama shi. Shi ya sa dole ɗan kama ya bi yayi, ya san wace waƙa ce ke bakin mutane a wannan kakar, ya san abin da ya yi tsada a kasuwar garin da ya sauka. A fada kuma akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta suke shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da halayensu, sarkin yana kallo. Abin da za a nuna ya danganta da abin da ya faru a fadar a wannan shekara da kuma wanda ke zaune yana kallo. A wasan kalankuwa na bayan girbi, samari kan naɗa wa junansu sarautu su kafa mulkin wasa, kuma da Turawa suka zo sai ga Gwamna da Razdan da Joji sun shigo cikin muƙaman da ake rabawa. Wasan ya ga sabbin masu iko sai ya buɗe musu wuri.

Rubutu ya shigo wannan fage daga baya. A shekarun 1930 Rupert East ya fitar da Six Hausa Plays domin makarantu. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni masu sukar zalunci da cuta. A 1949 Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa, sannan Shu'aibu Maƙarfi ya zo da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu wajen 1959 da 1960, waɗanda a rediyo aka fara jin su kafin su zama littafi. Uwar Gulma ta Mohammed Sada ta biyo baya. Waɗannan littattafai sun yi mana babban amfani, don su ne suka sa wasan kwaikwayo ya shiga aji har ake jarrabawa a kansa. Amma sun kuma sa da yawanmu mun tashi da tunanin cewa wasa shi ne abin da ke cikin littafi, aikin ɗan wasa kawai ya haddace. Alhali ko a gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Jos, su Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero galibi zaren labari ake ba su, su cike sauran da bakinsu. Marigayi Usman Baba Pategi tsohon soja ne, kuma Hausar bariki da yake cakuɗawa da guntun Turanci a bakin Samanja daga rayuwar da ya sani ya ɗebo ta. Babu marubucin da zai zauna ya tsara masa ita kalma kalma.

Yanzu mu zo inda muke zaune. Wani abu da ya ba ni sha'awa shi ne ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan da aka rubuta kan wasan kwaikwayon Yarbawa ya fito ne daga hannun mutumin da mu ma muka sani a tarihinmu, wato Clapperton, Baturen nan da ya rasu a kusa da Sakkwato a 1827. A 1826, a hanyarsa ta zuwa Arewa, ya sauka a tsohon birnin Oyo, wanda ya rubuta da sunan Katunga, aka shirya wasa a fadar Alafin shi kuma yana cikin 'yan kallo. Ya ce an yi wasan mutane a cikin buhuna, an yi na mesa, sannan a ƙarshe aka fito da wani mai kamar Bature, fari fat, siriri, yana takawa da ƙyar kamar mai tsoron ƙasa, yana shaƙar asara yana murza hannu. Jama'a suka riƙa juyowa suna kallon Clapperton, suna nuna masa, suna so su ga yadda zai yi. Shi kuma ya ce ya nuna kamar abin ya burge shi. Ku duba fa: a duk ranar da babu Bature a wurin, wannan shigar abin dariya ce kawai. A ranar da Bature ke zaune, rabin wasan ya koma kan fuskarsa. 'Yan wasan ba su buƙaci canza ko taku ɗaya ba, zaman mutum ɗaya ya canza komai.

Irin waɗannan 'yan wasa masu yawo gari gari, da ake kira Alarinjo, su ne kakannin abin da Hubert Ogunde ya zo ya sabunta. Ogunde ɗan sanda ne lokacin da ya shirya wasansa na farko a Legas a 1944, wasan coci mai waƙe-waƙe. Bai daɗe ba ya ajiye kaki ya kafa ƙungiya, ya sa ta a mota ya shiga ƙasa. Bayan babban yajin aikin ma'aikata na 1945 ya yi Strike and Hunger, kuma da ya kai shi Jos hukuma ta tsayar da shi. Bayan 'yan sanda sun harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Inugu a watan Nuwamban 1949, ya yi Bread and Bullet, wanda aka hana nunawa a Kano a farkon shekarun 1950. Wasan da ya wuce a wani gari, a wani garin laifi ne, don jami'in da ke zaune a can ya lissafa su wa za su cika zauren da kuma abin da za su fita da shi a ransu.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Yoruba Ronu a 1964. Labarin sarki ne da mataimakinsa ya ci amanarsa. A takarda tatsuniya ce. Amma an nuna shi a Ibadan a daidai lokacin da Awolowo ke kurkuku, Akintola kuma yana Firimiyan Jihar Yamma, yana ma zaune a cikin zauren. Kowa ya gane da wa ake. Akintola ya tashi ya fita da mutanensa, gwamnatinsa ta haramta wa ƙungiyar Ogunde wasa a faɗin Jihar Yamma, kuma ba a ɗage haramcin ba sai a 1966 bayan juyin mulki. Da a ce shekara goma kafin nan aka nuna wasan, da wa'azi ne kan riƙon amana, a tafa a watse. Ranar da aka nuna shi da mutumin da ke kujerar gaba su suka mayar da shi takardar tuhuma.

Wadda ta fi bin diddigin yadda irin waɗannan wasanni ke sauyawa ita ce Karin Barber, 'yar Ingila da ta yi karatu ta kuma koyar a Jami'ar Ife. A farkon shekarun 1980 ta shiga ƙungiyar Oyin Adejobi ta Oshogbo, ta riƙa bin su a mota, har tana fitowa a wasanninsu da Yarbanci. Littafinta The Generation of Plays ya fito a 2000. A lokacin ƙungiyoyi masu yawo irin wannan sun haura ɗari. Abin da ta nuna shi ne ba su da cikakken rubutu da kowa zai haddace. Shugabanni su tsara labari su raba shi fitowa fitowa, a gaya wa kowane ɗan wasa abin da ake so ya cimma, shi kuma ya nemo kalmominsa daga karin magana da kirari da zantukan kasuwa da ya tara a kansa. Daga nan sai 'yan kallo su karɓi aikin tacewa. Maganar da ta tayar da ihu a wannan gari za a riƙe ta a kai ta gari na gaba, a ƙara mata gishiri. Wadda ta faɗi ƙasa babu ko tari za a yar da ita. Ƙaramin ɗan wasan da jama'a suka so sai fitowarsa ta riƙa tsawo. Bayan an yi ta yawo da wasa, maganganun sukan zauna su yi ƙarfi kamar an rubuta, amma ƙofa a buɗe take, gobe wani zai iya jefo sabon abu. Idan kuma aka ɗauki wasan zuwa talabijin sai a sake yanka shi ya dace da mintocin da aka ba su.

Idan muka tattara, abubuwan da ke juya wasa daga dare zuwa dare ba ɓoyayyu ba ne. Na farko 'yan kallo: yawansu, harshensu, shekarunsu, ko sun biya kuɗi ko gayyato su aka yi. Dariya tana da lokaci. Ɗan wasan da ya ƙware yakan dakata dariya ta kai ƙololuwa, ta fara sauka, sannan ya jefa magana ta gaba. Idan ya yi sauri dariyar ta cinye maganar, idan ya yi jinkiri wurin ya huce. Wannan dakatawar ba a rubuta ta, a kunne take, kuma zauren mutum hamsin ba ya dariya kamar na mutum dubu. Na biyu wuri: fili ne ko zaure, akwai lasifika ko babu, an ɗauke wuta ko ba a ɗauke ba. Na uku labarin ranar, kamar yadda muka gani a wurin Ogunde. Na huɗu su kansu 'yan wasan: wani ya yi mura, wani ya manta maganarsa abokinsa ya rufa masa asiri da wata sabuwa, sabuwar kuma ta fi tsohuwar daɗi ta zauna.

A Zariya an ɗauki wannan sauyawar aka mayar da ita hanyar aiki da gangan. Daga tsakiyar shekarun 1970, sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, da malamai irin su Michael Etherton da waɗanda suka biyo baya kamar Salihu Bappa da Oga Steve Abah, ya riƙa tura ɗalibai cikin Samaru da ƙauyukan kewaye. Su zauna da mutane su ji matsalarsu, ta taki ce ko ta ruwa ko ta gona, su haɗa wasa a kai, su nuna a dandalin garin, mutanen gari su ce nan kun yi daidai, nan kuwa ba haka abin yake ba, a gyara a sake. A irin wannan aiki wasan da bai canza ba bayan an nuna shi alama ce ba a saurari kowa ba.

To me ya rage wa wannan al'ada ƙarfi? Kyamara da tattalin arziki. Daga ƙarshen shekarun 1970 Ogunde da takwarorinsa suka fara komawa fim. Baba Sala, sarkin barkwancin Yarbawa, ya zuba dukiyarsa a fim ɗin Orun Mooru a 1982, masu satar fasaha suka kwafe shi, ya shiga bashin da ya daɗe bai farfaɗo ba. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ɗaukar mutum ashirin da kayan kiɗa a mota ana yawo gari gari ya zama asara, sai kaset ya maye gurbin mota. A wajenmu ma haka: ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano da ta fitar da Turmin Danya a 1990 daga wasan daɓe da na talabijin ta taso. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disambar 2014, kowa ya san yawancin abin da ke fita bakinsa nan take yake ƙirƙirarsa. Amma da zarar an naɗa, an daskarar da shi ke nan. Wanda ya kalla a Gusau da wanda ya kalla a Agege abu ɗaya suka gani, kuma dariyarsu ba za ta koma ta gyara fitowar ba. Mun samu adanawa, don yau ɗan da aka haifa bayan rasuwar Ibro yana kallonsa. Abin da ya tafi shi ne hannun ɗan kallo a cikin wasan. A Kudu masu barkwancin tsaye sun dawo da wani ɓangare na abin, musamman tun da Opa Williams ya fara Nite of a Thousand Laughs a 1995, kuma duk wanda ya taɓa ganinsu ya san yadda suke canza kaya idan sun tashi daga Warri zuwa Abuja.

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye.

Wasan bara an yi shi ne don mutanen bara. Wasu sun gama sun tafi hidimar ƙasa, abin da ake gunaguni a kai a hostal ya canza, malamin da kowa ke kwaikwayon tafiyarsa wataƙila ya yi ritaya. A ɗauki ƙashin labarin in yana da kyau, amma a sake masa nama. Shi kuma barkwancin waya an gina shi ne da yanka da kusanto da fuska da sautin da aka ɗora daga baya. A kan dandamali babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai mutum tsaye a nesa yana jiran dariyar da ba ta zo ba.

Sannan mu san su wa ke zaune. A ranar al'adu a Kudu, rabin zauren ba sa jin Hausa: abokan ajinmu ne, malamanmu ne, wani lokacin har da shugabannin makaranta. Mu mun gaji wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Fulani da Tibi, har Gobirawa da Yarbawa, kuma a gida kowa ya san wasa ne mai ƙa'ida, ba a fushi. Ɗalibin da ya taso a Ondo ko Aba bai san wannan ƙa'idar ba. Idan ya ga an fito da Bayarabe ana kwaikwayon Hausarsa ana ƙyaƙyatawa, abin da zai gani shi ne abin da Clapperton ya gani, kuma ba lallai ya yi irin haƙurin da Clapperton ya nuna ba. Mu ma ai mun san zafin abin, duk lokacin da aka fito da ɗan Arewa a fim a matsayin maigadi mai rediyo a kunne wanda ba ya gane komai. In za a yi wasan ƙabila, a sa mai gabatarwa ya yi bayanin al'adar taubasantaka da harshen da kowa ke ji, a bar kowane ɓangare ya rama, kuma mu fara da yi wa kanmu dariya.

Akwai kuma abin da su Ogunde ba su yi fama da shi ba: waya. A da, maganar da ta zame a dandamali a zauren take mutuwa, gobe a gyara. Yau daƙiƙa talatin za a yanko, babu abin da ya gabata babu abin da ya biyo baya, a watsa wa mutanen da ba su san yanayin zauren ba. Don haka 'yancin ƙirƙira nan take yana bukatar iyaka da aka yarda da ita tun a wurin gwaji: addini, sunan wani malami ko ɗalibi, rikicin da aka rasa rayuka a cikinsa, waɗannan kada wanda ya taɓa su don dariya ta ɗebe shi.

Shawarata ta ƙarshe ita ce a gwada wasan sau biyu ko uku a gaban mutane na gaske kafin ranar. A tara 'yan hostal goma sha, a haɗa da waɗanda ba sa jin Hausa, a sa mutum ɗaya ya zauna da biro yana rubuta inda aka yi dariya da inda aka fara duba waya. Abin da ƙungiyar Adejobi ke samu a yawon gari gari mu za mu iya samun kaɗan daga cikinsa a mako biyu. Bayan an gama kuma, sakatare ya ajiye zaren labarin da bayanin abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba, a miƙa wa shugabannin baɗi. Yawancin abin da 'yan kama da matan fada suka yi ya tafi da su don babu wanda ya rubuta, mu kuwa da muke jami'a ba mu da wannan uzurin.

Allah ya ba masu jarrabawa sa'a, ya kai mu ranar lafiya, ya mayar da kowa gida da abin da ya zo nema.